Na Sayi Karen Kiwo, Na Kori Karnukan Makiyayi

Kamar ma'aikata da yawa a Wudil, ni ma ina ɗan taɓa kiwo. In albashi ya shigo aka sami rara, sai in bi ta Kara ranar Juma'a in sayi tunkiya ko ɗan rago, in aika da su rugar wani dattijo Bafulatani can wajen Lajawa, wanda tun mahaifina yana raye shi yake riƙe mana dabbobi. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. A hannunsa 'yan tumakin nan suka hayayyafa har suka zama garke, ban taɓa kama shi da ha'incin ko da kaza ba. Wannan mutumin na zalunta, kuma a kan kare na zalunce shi.

Wata shekara gab da Babbar Salla ɓarayi suka shiga garken wani maƙwabcin Baffa da dare suka kwashe raguna. Wanda ya san Wudil ya san abin da ya sa satar dabba take da zafi a nan. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, motoci ba sa yankewa dare da rana, ragon da aka jefa a bayan akori-kura da tsakar dare kafin a kira assalatu ya bar jihar. Hankalina ya tashi. A daidai lokacin kuma wayata ta cika da hotunan manyan karnukan Turai, ga su suna tsallake katanga, suna cafke ɓarawo, suna kora ɗaruruwan tumaki mai su yana tsaye yana fito kawai. Sai na ce a raina, karen bana shi ke maganin zomon bana. Karnukan Baffa guda biyu, ramammu masu jan gashi, waɗanda kullum in na je nake tarar da su kwance a tsakiyar tumaki, sai na ga ai ba su da wani aiki sai cin tuwo.

Na shiga Kano wajen wani mai sayar da karnuka na ce karen kiwo nake so. Ya fito mini da namiji irin na Jamus, wanda mutanenmu suke ce wa karen 'yan sanda, ya kusa shekara biyu. Bayansa baƙi, ƙirji da ƙafafu ruwan ƙasa, kunnuwa a tsaye cak, jela buzu-buzu ta sauko har kusa da ƙasa. Da ya yi haushi sai da na ji shi a ƙirjina. Mai shi ya ce ai kiwo a jininsa yake. Kuɗin da na biya sun isa sayen ɗan bijimi a Kara. Ban tambayi inda ya tashi ba, ban tambaya ko ya taɓa ganin tunkiya ba, katin allurar da aka miƙo mini kuwa ko buɗewa ban yi ba, na cusa shi a aljihun mota. Yara a gida suka sa masa suna Soja.

Da na sauke shi a ruga, shanu suka ɗaga kai suka bar cin ciyawa, tumaki suka dunƙule a gefe guda. Baffa ya zagaya shi daga nesa, hannayensa rataye a kan sanda, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Malam, kare kam mai kyau ne. Amma wa ya sani a nan?" Na ce zai saba. Ya ce, "To, da wane yare ake yi masa magana?" Na yi dariya, na ɗauka raha ce irin ta tsofaffi.

Sai da ɓarna ta auku sannan na zauna na nemi sanin abin da na saya. Irin karen nan bai daɗe a duniya ba. A 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz ya ga wani kare a wurin baje kolin karnuka a birnin Karlsruhe, ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Horand von Grafrath, ya kuma kafa ƙungiyar masu kiwon irin a watan Afrilun shekarar. Horand shi ne lamba ɗaya a rajistarsu, daga tsatsonsa aka fitar da irin. Aƙidar Stephanitz ita ce don aiki ake yin kare, kyan gani in ya zo ƙari ne. Da ya ga masana'antu suna cinye wuraren kiwo a Jamus, sai ya tallata karen ga 'yan sanda da soja. A Yaƙin Duniya na Farko karen ya yi aikin kai saƙo da neman waɗanda aka raunata, daga baya ya zama ɗan jagoran makafi. Mutanen Ingila, saboda ƙiyayyar yaƙi, suka ƙi kiransa da sunan Jamus suka laƙaba masa Alseshan, sunan da ya zauna a hukumance har 1977, har yau ma ana jin sa a bakin tsofaffin ma'aikatanmu.

Namijinsa yana kai kilo 30 zuwa 40, tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 65, macen kuma kilo 22 zuwa 32. Gashinsa rufi biyu ne, na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi da cunkoso, an yi shi don ƙasar da ƙanƙara take zuba. Ƙirar jikinsa ta mai sassarfa ce, zai iya wuni yana kai da komo bai gaji ba. Wajen kaifin kai, wani malamin jami'a a Kanada, Stanley Coren, da ya jera karnuka a littafinsa na 1994 bisa saurin ɗaukar horo, na uku ya sa shi. Yana manne wa mutum ɗaya ko gida ɗaya, baƙo kuwa sai ya auna shi kafin ya yarda da shi. Lagonsa a ƙugu yake, da yawa daga cikinsu suna gadon ciwon mahaɗar cinya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da na gano ainihin aikin da aka yi shi dominsa. Makiyayin Jamus na da yana yawo ne da tumakinsa a tsakanin gonakin da ba su da shinge, ya bi gefen hanya, ya tsaya a ɗan filin da ya yi iyaka da alkamar wani. Aikin karen shi ne ya riƙe iyakar nan, ya yi ta sintiri a kan kunya guda yana kai da komo, duk tunkiyar da ta miƙa wuya za ta shiga shuka ya mayar da ita. Duk wanda ya san irin rigimar da ake yi a bakin Kogin Wudil da rani, lokacin da fadama take cike da kayan lambu, dabbobi kuma suna neman sauka shan ruwa ta burtalin da gonaki suka matse, ya san wannan aiki ba na wasa ba ne. Karen hana ɓarna na saya ke nan ban sani ba. Sai dai aiki ne da ake koya masa wata da watanni, a hannun makiyayi ɗaya, da kalmomin da ba sa canzawa, a gaban tumakin da su ma tun iyaye da kakanni sun saba da kare. Jini yana ba shi sha'awar zagaye garke da bin duk abin da ya ruga. Horo ne yake koya masa inda zai tsaya.

Ni kuwa ba mai kora nake bukata ba, mai gadi nake nema, kuma sana'o'in nan biyu hannun riga ne. Karen kora da ragowar halin farauta yake aiki: ya zuba ido, ya bi, ya zagaye, an dai hana shi kaiwa ga kisa. Karen gadi, irin Kangal na Turkiyya ko ƙaton nan na duwatsun Kokasus da samarin birni suke yayi yanzu, so ake ya ɗauki tumaki danginsa ne. Tun yana ɗan kwikwiyo mai wajen mako 8 ake ajiye shi a cikin garke, ya kwana da su, ya tashi da warinsu a hancinsa. In ya girma ba ya korarsu, ba ya wasan tsere da su, kwanciya yake a tsakiyarsu, sai baƙon abu ya matso ya miƙe. A Namibiya, ƙungiyar kare wani nau'in damisa siriri mai tsananin gudu ta fara raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon karnukan Turkiyya tun 1994, suna tashi a cikin awaki, makiyayan suka ce asararsu ta ragu ƙwarai, su ma suka rage harbin damisar.

Da na karanta wannan sai kunya ta rufe ni, domin abin da Baffa yake yi ke nan tun ban san hagu da dama ba. A garken aka haifi karnukansa, da 'yan tumaki suka tashi. Kwanciyar nan da nake gani ina cewa lalaci ce, ita ce aikin. Gajeren gashinsu da ramarsu su ne rigar da ta dace da bazarar Kano, kamar dai dogon siririn karen nan da Buzaye da Fulanin kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suke gadin zango da shi. Kuma dabbar Bafulatani ba a kora take tafiya ba. Murya take bi. Kowace saniya da sunanta, yaro ɗan shekara goma zai yi kira garke ya biyo shi. Farar saniyar Bunaji in ta ga baƙon kare kusa da maraƙinta ba ta bambanta shi da kura, ƙaho za ta sa masa. Babu gurbin Soja a tsarin nan, ni na ƙirƙiro masa da ƙarfin kuɗina.

Ga yadda na riƙe shi. Na sa aka kafa turke a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano, aka ɗaure shi da sarƙa, na ce da rana ya zauna a nan, da dare a sake shi ya yi gadi. Bazara ce, lokacin da zafi a ƙasar Kano yake haura digiri 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, ga shi kuma cikin gashin ƙasar ƙanƙara, ga kwano yana gasa shi ta sama. Abincinsa ragowar tuwo da miya, wani lokaci ƙashi, alhali albasar da ke cikin miyar ma lalata jinin kare take yi. Da ƙyar ake iya kusantarsa, jikan Baffa da sanda yake tura masa kwanon ruwa. Dabbar da aka yi don ta wuni tana sassarfa, sai ga ta a kan sarƙa mai taku uku. Ya tone ƙasa, ya gaigaye turke, ya yi haushi har muryarsa ta dushe. Ni kuwa sai ƙarshen mako in leƙa, in ɗauki hotonsa, ranar Litinin in nuna wa abokan aiki. Ni kaɗai yake gani ya kaɗa jela, ni kuma ba na cika awa guda nake juyawa.

Wata safiya aka kira ni aka ce an wayi gari tumaki biyu sun mutu, ɗaya tawa, ɗaya ta matar Baffa. Na je na ga haƙora a wuya da cinya. Baffa bai yi dogon bayani ba, ya ce, "Malam, naka ne. Da idona na gani." Nan fa na tayar da jijiyar wuya. Na ce karen kiwo ba ya kashe abin kiwo, na ce a duba waɗancan mayunwatan biyu, na ce wataƙila ma sakaci aka yi ake neman inda za a rataya laifi. A gaban 'ya'yansa na faɗi haka. Na ƙirga tumakina ɗaya bayan ɗaya yana tsaye, na ce zan cire kuɗin tunkiyata daga abin da nake ba shi, kuma karnukansa su bar wajen ko in kwashe dabbobina. Bai ce komai ba. Washegari ya sa ɗansa ya kai karnukan rugar wani ɗan'uwansa.

Me ya sa na ƙaryata mutumin da ya ce da idonsa ya gani? Na sha tambayar kaina. Ba don na san kare ba ne, ban san komai a kansa ba. In na yarda Soja ne, to na yarda kuɗina sun tafi a banza, na yarda za a yi mini dariya a ofis, na yarda wanda bai taɓa shiga aji ba ya hango abin da ni mai takardu ban hango ba. Ƙaryata Baffa ya fi mini araha.

Ba a daɗe ba Allah ya nuna mini da rana tsaka. Ina tsaye a rugar da la'asar ana dawo da tumaki, Soja ya fizgi sarƙa, turken da ya daɗe yana gaigaya ya karye. Abin mamaki, ba kansu ya faɗa kai tsaye ba. Zagaye su ya fara yi, ya sunkuyar da kai, yana sassarfa a gefen garken, irin aikin kakanninsa sak, ba wanda ya koya masa. Amma tumakinmu ba su san wannan ba, sai suka watse. Wata tunkiya ta yanki daji, ya bi ta ya kama cinyarta. Na yi ta ihu ina kiran sunansa, ko waiwaye bai yi ba, domin ban taɓa koya masa ko da kalma ɗaya ba. Jikan Baffa, yaron nan mai tura masa ruwa, ya ruga da sanda zai raba, karen ya juyo ya cije shi a sha-raɓa.

Daga baya na fahimci wani abu game da kamun nan. A horon makiyayan Jamus an yarda kare ya kama tunkiya mai taurin kai a wuya, ko haƙarƙari, ko cinya, ya riƙe ta na ɗan lokaci ya saki. Tumakinsu ulu ne jibge a jikinsu, bakin karen ulu yake cika. Namu kuwa, 'Yankasa da Uda da Balami, gashi ne da su kwance a kan fata. Kamun da can ladabtarwa ne, a nan yaga nama ne, balle a bakin karen da ba a koya masa saki ba.

A asibiti tambayar farko da aka yi mini ita ce, an yi wa karen allurar hauka? Na ruga mota na ɗauko katin nan, na buɗe shi karon farko. Akwai alluran yarinta, gurbin ta hauka kuwa fayau. Ma'aikaciyar jinya ta dube ni, ta ce an wanke ciwon da sabulu? Mu kuwa tsumma muka ɗaure masa muka taho. Ashe abu na farko shi ne a wanke cizon kare da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, kafin ma a nemi mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamomi suka bayyana, sai dai addu'a. Aka sa yaron a jerin allurai, kowace da ranarta, kuɗinsu ya ninka na allurar da ban yi wa karen ba sau da yawa. Ita kuwa allurar kare ba sai an tsallaka teku ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin ta. Samarin ruga suka ce a kashe karen nan take. Likitan dabbobin da na kira ya hana, ya ce a tsare shi a sa masa ido kwana 10, in ya wuce su lafiya to ba ya ɗauke da haukan a yawunsa lokacin da ya yi cizon. Ya wuce su. Yaron ya warke, tabon yana nan.

A wajen duba shi ne likitan ya ɗaga kunnensa ya ce in zo in gani. Kaska ce jere a ciki, wasu a tsakanin yatsu. Ya buɗe bakinsa, dasashi ya yi fari fat. Na ce ai kwanan nan ma yana ɗan haɓo, na ɗauka zafi ne. Ya ce zazzaɓin kaska ne, kuma irin karen nan ya fi sauran karnuka shan wuyarsa. A Aljeriya aka fara gano cutar a 1935, ita ce kuma ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam, galibinsu irin Soja. Karen gida yakan ɗauke ta ya yi ta yawonsa, na Jamus sai ta kai shi ƙasa. Na gaya wa likitan cewa da ma na sayo maganin sammore na shanu a kasuwa zan sa a yi masa, an kuma ba ni shawarar in yi masa wanka da fiya-fiya. Ya riƙe baki. Ya ce maganin nan, diminazin, tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa a jikin kare 'yar kaɗan ce, in an zarce yana taɓa ƙwaƙwalwa, fiya-fiya kuwa guba ce kawai. Ya rubuta ƙwayoyi na kusan mako huɗu.

Na je wajen limamin unguwarmu ina zaton zai ce ai alhakin ajiye kare ne yake bi na. Sai ya ce a'a. Ya tuna mini cewa hadisi ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin, Risala ma ta ambaci karen da yake raka dabbobi daji ya dawo da su, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarnin wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai. Ya ce, "Malam, ba ajiyewar ce laifinka ba. Ka san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ka kuma san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Ka duba ka ga wanne ka fi kusa da shi. Sannan ɓarnar da karenka ya yi a wuyanka take, kai kuma ka je ka ci dukiyar bawan Allah a kanta. Wannan istigfari kaɗai ba ya goge ta."

Soja dai wani tsohon sufeton 'yan sanda ne ya karɓe shi, mutumin da ya yi aiki da karnuka kafin ya yi ritaya. Kyauta na ba shi, ina ma godiya. Bayan 'yan watanni na je gaishe shi, da ƙyar na gane karen. Gashi ya yi sheƙi, ba sarƙa a wuyansa, yana kwance a inuwar darbejiya a kan ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Sufeto ya yi magana ƙasa-ƙasa, karen ya zo ya zauna a gefen ƙafarsa ta hagu. Ya ba wani yaro hularsa ya ɓoye a bayan buhuna, ya ce nemo, ya nemo. Kullum bayan sallar asuba yake fita da shi bakin kogi kafin rana ta yi zafi, da yamma ya taje shi ya cire kaska. Ya ce mini, "Malam, karen nan ba mugu ba ne, zaman banza ne ya kusa haukata shi." Na ce to ko za a iya mayar da shi kiwo? Ya girgiza kai. Ya ce lokacin sabo da tumaki tun yana kwikwiyo ya wuce, ga shi kuma ya riga ya ɗanɗana.

Zuwa wajen Baffa shi ya fi komai yi mini nauyi. Na tafi da goro da sukari, da kuɗin da na cire masa, da kuɗin tunkiyar matarsa, na kuma roƙi a tara 'ya'yansa, tunda a gabansu na ci masa fuska. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka faɗi gaskiya na ƙaryata ka. Ka yafe mini don Allah." Ya ce in tashi. Ya karɓi kuɗin matarsa, nasa sai da ɗansa ya sa baki ya karɓa. Ya ce, "Tunkiya kwananta ne ya ƙare. Yaro Allah ya ba shi lafiya. Na yafe." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Amma mahaifinka bai taɓa ƙirga dabbobinsa a gabana ba." Karnukansa ɗaya ne ya dawo, ɗayan mota ta buge shi a hanya yana ƙoƙarin komowa garken da kansa. Har yau dabbobina suna hannun Baffa, muna gaisawa lafiya lau. Sai dai yanzu duk ranar da na je, kafin a kawo mini fura, sai ya sa an jero tumakina an ƙirga su a gabana. Na roƙe shi ya bari, ya ce haka ya fi.

Ban tsani irin karen nan ba, kuma ba na cewa kada kowa ya ajiye shi a ƙasarmu. 'Yan sanda da masu farautar ƙwaya suna cin moriyarsa. Amma kare ne na mai lokaci: wanda zai fita da shi kullum da sanyin safiya, yana da inuwa da ruwa, yana iya ciyar da shi abin da ya wuce ƙanzo, ya kuma ba shi aikin yi. Ma'aikacin da sai ƙarshen mako yake ganin dabbobinsa ba ya cikin wannan sahu. Mai neman gadin garke a ƙasar Wudil ya nemi ɗan kwikwiyon gida daga uwar da ta tashi a cikin tumaki, ya damƙa shi a hannun wanda yake kwana da su, shi ma a yi masa allura, don hauka ba ya tambayar irin kare.

Kai kuma da kake da irin Soja ɗaure a bayan gida yanzu haka, don Allah yau ɗin nan ka ɗaga kunnensa ka duba, ka ɗauko katinsa ka buɗe. Ana fara allurar hauka ne yana da wata 3, a kuma riƙa sabuntawa duk shekara. In ka ga gurbin babu komai, ka kira likitan dabbobi tun kafin yaran maƙwabta su taso daga makaranta.